Goggo Tafireta da Littafin Gidan Waya

A layinsu babu wanda ya san ta da wani suna sai Goggo Tafireta. Yawancin yaran da ke kiranta haka ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba, har akwai 'yar wani mai haya da ta taɓa tambayar uwarta ko sunan garin su Goggo ke nan. Da maganar ta je kunnen Goggo sai da ta yi dariya har da tari, ta ce ai yarinyar ba ta yi kuskure ba, wurin da mutum ya yi shekara talatin da uku a zaune ai ya zama garinsu.

Ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai na wani magini. Abin da ta fi tunawa game da babansu shi ne hannuwansa, waɗanda siminti ya cinye har fatar ta tsattsage. In ya dawo da yamma Inna takan ɗumama ruwa ta zuba masa a kwano ya jiƙa su, yana zolayar yara wai kada su matso, ya kusa zama bulo. Mutum ne mai sakin hannu. Ranar da aka biya shi har maƙwabta sai sun san an biya shi, ranar da babu kuwa sai ya ce kada kowa ya damu, ai ƙarfinsa na nan, gini kuma ba ya ƙarewa a duniya. Ginin bai ƙare ba, amma bayansa ya riƙe tun bai kai sittin ba. Ya koma zaman ƙofar gida a kan benci, kayan aikinsa suka bi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Tana da shekara goma sha bakwai ta taɓa jin sa yana roƙon Yaya babba kuɗin aski, ya sassauta murya don kada ƙananan su ji. Ta shige ɗaki ta rasa abin da ke mata daɗi, ba ta kuma gaya wa kowa ta ji ba.

Yayan nan ne ya biya mata kuɗin koyon buga tafireta a wata 'yar makaranta da ke saman shagon takalma. Bayan wata tara ta fito da takardar shaida, aka yi sa'a wani kamfanin sayar da kayan gini yana neman ƙarin hannu, aka ɗauke ta tana da shekara goma sha tara.

Ɗakin masu buga takardu yana saman bene, can ƙarshen baranda, jikin ɗakin ajiyar fayil. Tebur huɗu ne da tafireta huɗu, sai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Tagar tana kallon farfajiyar da manyan motoci ke lodin siminti da kwanon rufi, don haka kullum da safe sai an share ƙura daga kan injin kafin a fara aiki. In su huɗun suka dage, ƙarar takan zama kamar ruwan sama a kan kwano, ƙararrawar ƙarshen layi na tashi daga nan da can. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Babbar Anti, da kunne take gane kuskure. Tana sunkuye a kan nata aikin za ta ce wa mutum ya cire takardar nan ya sake sabuwa, in ka duba kuwa sai ka ga harafin ya karkace. Kowace wasiƙa kwafi uku ake bugawa da takardar kabon a tsakani, shi ya sa yatsunsu ba sa rabuwa da shuɗi, har a jikin burodin da suke ci da shayin ƙarfe goma.

Teburin da ke kusa da nata na Mai Turare ne, wata doguwa mai fara'a da ta girme ta da shekara biyu. Tun tana matattakala ake sanin ta iso. Ita ta koya mata yadda ake sauya ribon, zaren tawadar injin, ba tare da ɓata riga ba, ita ta nuna mata wane akawu ne rubutunsa ke karantuwa, wane ne kuma sai an haɗa da addu'a. Cikin mako guda suka shaƙu kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Ranar da aka fara biyanta albashi, kashiya ya miƙo mata ambulan mai ruwan ƙasa, ta sa hannu a takarda. Ta riga ta kashe kuɗin a zuci tun kafin su zo: atamfa ga Inna, magani ga Baba, takalmi mai tsini irin na Mai Turare ga kanta. Tana saukowa sai ta tarar da Baba Masinja a gindin matattakala, riƙe da kekensa. Wani siririn dattijo ne mai kakin da guga ta ƙone masa aljihu, wanda shi ke yawo da wasiƙun kamfanin tun kafin a haife ta. Ya ce ta raka shi nan kusa, yana da magana. Ita dai ta ɗauka ɗan na shayi zai nema, har ta fara laluben bakin ambulan a cikin jaka.

Suka bi ta gaban shagunan masu ɗinki, suka tsallaka titi, yana tura keken tana biye, har gidan waya. Ciki sanyi, da warin danƙo da tsohuwar takarda. Ya wuce tagar sayar da kan sarki, ya tsaya daga nesa da wata taga ta ƙarshe, ta ajiyar kuɗi, wadda babu layi a gabanta, ya nuna mata da haɓa.

"'Yata, wata huɗu ya rage mini a kamfanin nan," in ji shi. "Shekara talatin da shida ina shigowa nan kusan kullum, ina wuce tagar can, ban taɓa tsayawa ba. Kullum sai in ce wata mai zuwa. Yanzu in aka sallame ni, keken nan ma nasu ne."

Ya ce ba shi da abin da zai ba ta na maraba da zuwa aiki, sai dai ya kawo ta bakin tagar nan. Ta tambaye shi nawa ake sawa. Ya ce ta sa abin da za ta ji a jikinta amma ba zai sa ta kuka ba, kuma ta riƙa zuwa tun kafin ta isa gida, don kuɗin da suka kwana a gida da masu jiransu suke wayar gari.

Gaskiyar magana ba don ta gamsu ta yi ba, kunyar dattijon ce ta kama ta. Ta cike takarda, aka ba ta wani ɗan littafi mai shuɗin bango, aka buga hatimi a shafin farko. Takalmi mai tsini ya tafi ke nan. A hanyar gida har da ƙunƙuni take yi, wai ita da guminta wani ya zo ya tsara mata. Da yamma, bayan ta miƙa wa Inna atamfarta, sai ta zauna kusa da bencin Baba ta ba shi labari kamar mai kawo ƙara. Ya karɓi littafin ya jujjuya shi a hannu, sannan ya miƙo mata.

"Wanda ya kai ki wurin nan ya fi ni hankali," ya ce. "Ki gaishe shi."

Bayan wata huɗu aka yi wa Baba Masinja shayin ban kwana a baranda, manaja ya yi jawabi, aka ba shi agogon bango. Ya tafi da ƙafa, agogon a hammata. An ce ya koma wurin wata 'yarsa a wani gari. Goggo ta sha cewa za ta nemi adireshin ta rubuta masa wasiƙa, ita da aikinta ke nan rubuta wasiƙa, amma ba ta yi ba har labarin rasuwarsa ya zo bayan shekara biyu. Har yau in ta tuna sai ta girgiza kai.

Zuwa gidan waya kuwa ya zame mata jiki. Duk ƙarshen wata, yayin da sauran ke nufar kasuwa, ita sai ta tsallaka titi. Mai Turare ta raɗa mata Uwar Banki, tana cewa ranar da ta mutu za a binne ta da littafin nan a ƙarƙashin kai. Amma sau da yawa Mai Turaren ce ke raka ta, ta tsaya a waje tana ɓare lemo, in ta fito ta ba ta rabi. Ita Mai Turare ba ta iya riƙe kuɗi ba ko kaɗan, sai dai ba a kanta kaɗai suke ƙarewa ba. Duk wanda matarsa ta haihu a kamfanin, duk leburan da ya ji ciwo a farfajiya, ita ce ta farko da za ta buɗe jaka. Goggo takan ji wani iri a irin waɗannan ranakun, don nata hannun ba ya fita da sauri haka.

A tashar bas da take jiran mota akwai wani ɗan shagon gyaran rediyo, mai shi kowa Injiniya yake ce masa. Ya lura da ita tun ba ta lura da shi ba. Duk yamma in ta iso sai ya ƙure sautin wata rediyo, wai gwaji yake yi, har ran nan ta gaji ta ce masa rediyon nan dai ta daɗe ba ta warke ba. Daga nan zance ya fara. Shekara ba ta zagayo ba suka yi aure, suka kama ɗaki biyu a wani gidan haya mai famfo ɗaya a tsakar gida. Suka haifi namiji ɗaya da mata biyu. Injiniya mutum ne mai barkwanci, ɗakinsu cike da gawarwakin rediyo a ƙarƙashin gado da saman kabad, kowace ya ce akwai abin da zai cira a cikinta wata rana. In yana liƙa waya, warin dalma ya cika ɗakin, yaran sukan zagaye shi suna kallo kamar mai yin sihiri.

Shekarun nan ba su zo da sauƙi ba. Akwai watannin da abin da take kai wa tagar bai taka kara ya karya ba, har takan ji nauyin ma'aikacin, ta tura kuɗin a naɗe cikin littafin tana kallon gefe. Shi kuwa bai taɓa nuna komai ba, hatimi kawai yake bugawa ya ce a gaida gida. Sau biyu ta taɓa cire wani abu mai kauri: lokacin ciwon ajalin Baba, da lokacin da aka yi wa autarta aiki a asibiti. Duk biyun ba ta yi da-na-sani ba, ta ma gode Allah da akwai inda za ta taɓa.

Rigimar da ta fi girma a zamansu ta zo ne da zamanin bidiyo. Injiniya ya hango cewa rediyo ta fara ja da baya, ya samu wani babban shago a bakin titi, ya ƙudura zai cika shi da kaset da na'urorin kallo. Wata Asabar da hantsi, bayan yara sun fita, ya zauna ya zayyana mata komai, har da zanen yadda zai jera kanta. Ya ce in ta ba shi abin da ke littafin, cikin shekara biyu zai ninka mata. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce a'a. Ta ce kuɗin nan ba na kasuwa ba ne, na ranar da hannunsa da nata za su gaza ne. Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ce ashe zaman da suke yi ba ta yarda da shi ba. Ta ce ta yarda da shi, kasuwa ce ba ta yarda da ita ba. Sai da suka yi mako uku ba mai yi wa wani magana sai ta bakin yara, a gida mai ɗaki biyu.

Daga ƙarshe ya sayar da babur ɗinsa ya buɗe ƙaramin shago a wani lungu. Wani ne ya kama babban shagon ya zuba kaset, kuma a gaban idonsu mutumin ya yi kuɗi, ya sayi mota, ya gina gida. Duk sanda suka wuce ta wurin sai Injiniya ya yi gyaran murya, ita kuma ta san abin da gyaran muryar ke nufi. Daga baya harkar kaset ta mutu murus, shagon ya koma na sayar da katifa, amma wannan bai sa Goggo ta ce ita ce da gaskiya ba. Har gobe ba ta san ko ta kyauta masa ba. Abin da ta sani shi ne bai ƙara kawo mata zanen komai ba.

Sai kuma aka shiga wasu shekaru da farashin kaya ya haukace. Abin da ka saya da safe, da yamma ya tashi. Wata rana bayan an tashi aiki ta tsaya gaban wani kanti tana kallon farashin keken ɗinki, sai lissafi ya faɗo mata: ajiyar da a shekarun baya za ta iya sayen mota, yanzu da ƙyar ta sayi irin keken nan guda biyar. Ta dawo gida ta zauna a bakin gado ko mayafi ba ta cire ba, hawaye na zuba. Shekara ashirin tana hana kanta, ga shi abin yana narkewa a inda ta ajiye shi. Ta jira Injiniya ya ce ai ya faɗa mata. Bai ce ba. Ya ajiye abin da yake gyarawa, ya goge hannu, ya ce kuka ba zai dawo da komai ba, ta je ta kwashe kuɗin tun da sauran ƙarfinsu, akwai wani abokin cinikinsa da ke yanka filaye a bayan gari.

Ranar Lahadi suka hau bas har inda ta ƙare, suka ƙara tafiyar rabin awa a ƙasa. Wurin babu komai sai ciyawa da gidan tururuwa da wata bishiya guda, can nesa kuma turakun wutar lantarki sun wuce ba su ko kalli wurin ba. Injiniya ya tsaya a tsakiya ya riƙe ƙugu, ya ce to, ranki ya daɗe, ga falonki nan, a yi hankali da macizai a kicin. Ta yi dariyar da rabonta da ita an kwana biyu. A makon nan ta je gidan waya ta cire kusan duka, ta bar ɗan abin da zai hana a rufe littafin. 'Yan ofis suka sha dariya, Mai Turare ta ce Uwar Banki ta sayi daji za ta koma kiwon birai. Ƙarshen wata na yi ta sake tsallaka titi kamar yadda ta saba, sai dai yanzu da abin ya ɗan taru take mayar da shi bulo, a kai filin a jibge.

Kwamfuta ta shigo kamfanin ne a cikin manyan kwalaye, aka ware mata ɗaki mai na'urar sanyi, abin da su ba a taɓa yi musu ba. Lokacin Babbar Anti ta daɗe da yin ritaya, Goggo ce a kujerarta. Aka tura su kwas na mako biyu, ta koya daidai gwargwado, sai dai hannunta ya saba da duka, har malamin yakan ce Anti a tausaya wa injin. Sannu a hankali akawuna suka fara buga wasiƙunsu da kansu. Tebur huɗu ya koma biyu. Wata Litinin sabon manaja, wanda bai girmi ɗanta ba, ya kira ita da Mai Turare, ya yi musu godiya mai tsawo, ya miƙa wa kowacce takarda. A lokacin Goggo tana da shekara hamsin da biyu. Kuɗin sallamar da aka ba su bai wuce abin da mutum zai ci na 'yan watanni ba. Suka sauko matattakala tare, Mai Turare na riƙe da hannunta tana ta surutu kan wani yadi da ta gani, sai da suka fita ƙofa sannan muryarta ta karye.

A shekarun da suka wuce gari ya yi ta tafiya har ya iske filin. An ja wuta, an yi makaranta, bas tana tsayawa a bakin layi. Da kuɗin sallamar da abin da ya taru aka kafa ginin, bulo kuwa dama yana nan jibge har ciyawa ta rufe shi. Goggo ta zama 'yar magini ta gaske, kullum tana wurin da lema, tana duba kwaɓin siminti, har maginin ya ce da ya san haka ne da ya ƙara kuɗin aiki. Injiniya ne ya ja wayar wutar gidan gaba ɗaya da hannunsa, ya sa soket har a inda ba a buƙata, wai ba a san abin da zamani zai kawo ba. Suka yi ɗaki biyu da falo nasu, ɗakuna uku na haya a baya, da ɗan shago a gaba wanda ya zuba ragowar rediyoyinsa a ciki, ko da yake masu kawo gyara sun zama sai jefi-jefi. Yakan fito da kujera ƙofar shagon da safe, ya kunna labarai, ya yi ta musu da maƙwabta. Shekara ɗaya da wata biyar ya yi a gidan. Ciwon kwana huɗu ne, ya cika a asibiti tana zaune kusa da shi.

Bayan rasuwarsa ta ba wani mai aski hayar shagon. Da wannan da na ɗakunan baya take ci, take sayen maganin gwiwa da na ido, take yi wa jikoki 'yar tsaraba. Ba wadata ba ce ta a zo a gani. Wani watan mai haya ya yi tafiya, wani watan famfo ya fashe, amma ba ta taɓa kwana da tunanin wa za ta tambaya ba. Mai Turare kuwa tana zaune a gidan ƙaninta, a ɗaki ɗaya da 'ya'yansa mata. Ba a wulaƙanta ta ba, don rabin yaran gidan ita ta yi musu kuɗin makaranta a zamaninta, sai dai komai za ta yi sai ta jira an ba ta. Duk Alhamis takan hau bas ta zo ta wuni. Su baje a falo da shayi, su yi ta tuno akawun nan mai mugun rubutu, da ranar da fanka ta faɗo kan teburin Babbar Anti tana banɗaki, da direban da ya yi shekara yana aiko wa Mai Turare wasiƙar soyayya ita kuma tana gyara masa kurakurai da jan biro tana mayar masa. In za ta tafi Goggo takan soka mata wani abu a jaka ba tare da magana ba, ita ma ba ta dubawa sai ta hau mota.

Bara ɗanta, wanda ke aiki a wani babban gari mai nisa, ya matsa lallai sai ta koma wurinsa. Ya ce shekara saba'in ta wuce zaman kaɗaici, a sayar da gidan ko a bar wa dillali. Ƙannensa mata suka goyi bayansa. Ta ce za ta je ta gani. Suka karɓe ta hannu bibbiyu, surukarta ta gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, ba a barinta ta ɗauki ko tsinke. Gidan yana hawa na shida, kowa ya fita tun safe sai yamma, ita kuma ta wuni tana leƙen motoci ta taga, ba wanda za ta ce wa sannu. Da ta cika wata biyu, wata safiya suna karyawa, ta ce musu jibi za ta koma. Ɗan ya yi ta magiya, ya tambaye ta ko an yi mata wani abu ne. Ta rantse masa ba a yi mata komai ba sai alheri. Ya ce to ta bari sai ƙarshen wata in an yi albashi ya saya mata tikiti, yana tunanin kafin nan za ta huce.

"Ka bar kuɗinka ka yi wa yara hidima," ta ce. "Na riga na sa mai gadin ƙasa ya sayo mini tun jiya."

Surukar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Shi ma sai ya yi dariyar, ya ce dama tun suna yara ba a taɓa cin ta da magana ba.

Ta iso gida da la'asar, bayan ruwa ya ɗauke. Mai aski ya bar kan wani rabi a aske ya fito ya karɓi jakarta, matar mai hayar ɗakin tsakiya ta kawo makulli tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi a layin. Da ta buɗe falo sai ta ga rufin ya yi yoyo a kusurwa, ruwa ya jiƙa gefen kujera har ya fara wari. Ta tsaya ta ƙare wa wurin kallo, ta ce a taimaka a fitar da kujerar ta sha iska, a kuma gaya wa kafinta ya zo da safe da tsaninsa. Sannan ta cire takalmi, ta ɗora ruwan shayi.